Buhun gauraye ko baƙin sanfulawa: wanne zaka saya in dusar ƙanƙara ta dawo a watan Afrilu?

Ƙanina da ya dawo nan jihar Minesota ta Amurka bara da iyalinsa ne ya kira ni yana tsaye cikin kanti, wai yaya ga buhunan abincin tsuntsaye nan birjik, ga wani mai araha an zana tsuntsaye kala-kala a jikinsa ga wani kuma iri ne baƙi ƙirin ba ado ba komai kuma ya fi tsada, wanne zan ɗauka? Yara ne suka tasa shi gaba, sun ga tsuntsaye sun cika bayan gida suna ta tsalle kan ƙanƙara ba abinda suke samu. Nace masa ajiye duka biyun tukuna ka faɗa min wane irin tsuntsu kake gani. Yace shi dai tsuntsu tsuntsu ne. Toh anan gizo ke saƙar, don ni ma haka nace a shekarata ta farko kuma na zubar da kuɗi ba kaɗan ba kafin na gane.

Ga wanda bai san yanayin nan ba, watan Maris ƙanƙara take fara narkewa, rana ta ɗan yi ɗumi, sai tsuntsayen da suka yi hijira kudu tun kaka su fara dawowa. Na farko-farko akwai wani baƙi mai jan tambari a kafaɗa, mazan ne ke fara isowa makonni kafin matan, su kama wuri a bakin fadama suna ta kuka kamar an buɗe tsohuwar ƙofa. Sai robin mai jan ƙirji (wasunsu ma basa tafiya, nan suke cin hunturu), sai girakul baƙi mai sheƙi da doguwar jela da ke zuwa garke guda, sai bulubad ɗan shuɗin nan. Kowa ya saki jiki har an fara wanke jaket za a adana, kwatsam sai dusar ƙanƙara ta sake zubowa. Ba abu bane na sau ɗaya, kusan duk shekara sai an ɗan taɓa, amma wadda mutanen nan basa mantawa ita ce ta tsakiyar Afrilun 2018, inda aka auna inci 15.8 a filin jirgin Miniyapolis, babban birnin da ya fi kowanne girma a jihar, wajen santimita 40 kenan, a watan da ya kamata ace ciyawa ta fara tsirowa.

To a irin wannan ranar tsuntsayen da ke bayan gidanka kashi biyu ne, 'yan gari da baƙi. 'Yan gari su ne waɗanda suka ci hunturun nan gaba ɗaya, cikadi ɗan mitsitsi mai baƙar hula, kadinal jawur mai tukku, masu ƙwanƙwasa itace, da janko mai ruwan toka da farin ciki wanda shi kam ƙanƙara ce ma ta kawo shi daga can arewa. Waɗannan sun san kan gari. Cikadi nauyinsa tsakanin giram 9 ne zuwa 14 amma yana ɓoye iri ɗaya-ɗaya a ɓawon itace ya kuma tuna inda ya ajiye, da daddare kuma ya sauke zafin jikinsa don kar kitsensa ya ƙare kafin asuba. Baƙi kuwa su ne suka shigo da tsammanin tana da ƙwari, suka tarar an rufe ƙasa ruf. Ka riƙe wannan rabon a ranka, don shi zai gaya maka abinda zaka saya ba hoton jikin buhu ba.

Mu fara da buhun gauraye tunda shi ne ke jan ido. Ranar da na fara buɗe shi dariya ce ta kama ni, wlh dawa ce, jar dawa irin wadda muke tuwo da ita, su suna ce mata milo. Sai wani farin iri ƙanana zagayayye mai santsi, ɗan uwan geronmu ne amma ba shi bane, sai barzajjiyar masara, wani lokaci da alkama, sannan a ɗan barbaɗa sanfulawa (irin wani babban fure mai ruwan rawaya, sunflower a Turance) kamar yadda mai shayi ke ɗiga madara. Ni da na taso ina ganin yadda jan baki ke gamawa da gonar dawa da gero sai nace ai shikenan na samu abinda tsuntsu ke so. Ina! Yawancin tsuntsayen wannan yanki basa cin dawar nan sam. Da baki suke sharɓe ta gefe suna neman sanfulawar da ke ciki, kafin kwana biyu mazubin da ake rataye musu abinci a ciki ya zama wayam ƙasa kuma ta yi jawur. Can kudu maso yammacin Amurka akwai masu cinta, su makwarwar can da wasu masu kiwo a ƙasa, a nan kuwa sai dai kurciya da talotalon daji in suna zuwa unguwarku. Abinda ya zube ya jiƙe da ƙanƙara mai narkewa, ya yi funfuna, ɓeraye su samu gidan biki, wanda ya tsira kuma ya tsiro maka a ciyawa cikin watan Mayu, ni dai na taɓa noman dawa a Minesota ba da niyya ba. In ka lissafa abinda aka ci da abinda aka watsar zaka ga arahar nan ba ta yi ado ba.

Amma kar in yi masa rashin adalci. Farin geron da ke ciki yana da masoya na gaske, janko da sauran 'yan uwan gwara masu tonon ƙasa da ke wucewa a Afrilu kan hanyarsu ta arewa, da kurciya, har da mai jan kafaɗar nan. Kuma su waɗannan basa son hawa mazubi mai lilo, a ƙasa suka saba ci, don haka ranar da ƙanƙara ta binne musu irin ciyawa geron nan yana musu rana sosai. Matsalar kawai shine kana sayen dawa mai yawa don ka samu gero kaɗan. In geron kake so ana sayar da shi zalla, sai ka ɗauki ƙaramin leda. Ka dai sani shi ne kuma abincin da gwarar gida ta fi so, wadda aka shigo da ita daga Turai a shekarun 1850, in ta gano wurin sai ta kwaso dangi kaf.

Sai baƙin sanfulawa. Wannan shi ne irin da ake matse mai da shi, wajen kashi 40 cikin 100 na ƙwayar mai ne, kuma ɓawonsa siriri ne ƙaramin baki ma yana iya fasawa, ba kamar sanfulawa mai zanen nan da mutane ke ci ba. A daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili abinda tsuntsu ke nema kenan, maiƙo, ba cika ciki ba. Kuma babu wani iri guda ɗaya da ke tara tsuntsaye iri-iri kamarsa, cikadi, kadinal, masu ƙwanƙwasa itace, golfinc ɗan ƙarami, bulujai shuɗi mai tukku, kowa yana ci, wanda ya faɗo ƙasa kuma janko da kurciya su tsince. Babu asara sai ɓawo. Ɓawon ne dai aibinsa, yana taruwa a gindin sanda ya yi baƙi, kuma yana hana ciyawa fitowa a wurin, sai ka riƙa kwashewa da shebur in ƙanƙara ta narke. Akwai ɓararre da aka cire ma ɓawo, shi ba ya barin datti ko kaɗan, amma tsadarsa ta fi kuma da ya jiƙe yake lalacewa, a wannan lokacin na jiƙe-bushe sai dai ka riƙa zuba kaɗan-kaɗan wanda za a cinye a yini. Wanda ke gidan haya a bene, mai baranda, shi kam ɓararren ne nasa in baya son maƙwabcin ƙasa ya kai ƙararsa, kuma ya fara duba takardar haya don wasu gidajen sun hana gaba ɗaya.

In tsakanin waɗannan buhunan biyu ne kawai, ni ba na ko tsayawa tunani, baƙin zan ɗauka. Ƙaramin buhunsa ya fi babban buhun gauraye amfani.

Sai dai ga inda nake so ƙanina ya gane, kuma shi ne abinda hoton buhu ba zai faɗa maka ba: tsuntsayen da suka fi ba yaransa tausayi, su robin da suka kumbura fuka-fuki suka tsaya cirko-cirko a gefen titi inda ƙanƙara ta narke, basa cin ko ɗaya daga cikin biyun. Robin ba mai fasa iri bane, bakinsa na jawo tana ne da tsinkar 'ya'yan itace. Bulubad ma haka, ƙwari yake ci. Zaka iya cika mazubi goma da sanfulawa robin ya zo ya wuce ta ƙasansu ko kallo basu ishe shi ba. Abinda ke taimakonsu yana cikin kicin ɗinka ko kusa, zabibi da aka jiƙa a ruwan ɗumi ya yi laushi, tuffa yankakkiya ƙanana, 'ya'yan itacen nan na firiza in an narkar, ɗan marmashin kitse, sai busasshiyar tsutsa da ake sayarwa a leda wadda ita ma gara a jiƙa ta. A zuba a faranti ko tire mai faɗi a ajiye ƙasa-ƙasa inda aka share ƙanƙara, kusa da wata bishiya ko shinge da zasu iya faɗawa in shaho ya kawo farmaki. Ko da baka da komai, ka ɗauki shebur ka buɗe musu ƙasa taku biyu-uku a gindin shinge inda busassun ganye suka taru, zaka ga suna ta juya ganyen. Burodi kuwa a bar shi, na san hannunmu ya saba da watsa ma kaji ragowar tuwo, amma burodi cika ciki ne kawai ba maiƙo.

Kitse shi ne na uku a wannan gasa kuma ina ganin ya fi buhun gauraye cancantar kuɗinka nesa ba kusa ba. Ana sayar da shi dunƙule mai kusurwa huɗu kamar sabulun wanki, a saka a ɗan kejin waya a rataye. Masu ƙwanƙwasa itace da cikadi suna mutuwar sonsa, kuma a ranar ƙanƙara har tsuntsayen da basa zuwa mazubi sukan leƙo su tsinci abinda ya faɗo. Na kanti galibi kitsen saniya ne amma ka karanta jikin leda, don irin haɗin da mutane ke yi a gida sau da yawa da man alade ne, ni dai bana so ya shigo min gida balle yara su taɓa. Abu mai sauƙi, ka je shagon naman halal, ga su nan da yawa na 'yan Somaliya a Miniyapolis, ka karɓi kitse ka narka kamar za ayi kakide, ka tace, ka zuba dakakkiyar gyaɗa mara gishiri da ɗan garin masara, ka juye a roba ka sa a firiza. Aibinsa biyu. In rana ta fara zafi yana narkewa ya yi ɗoyi ya ɓata musu gashi, don haka kayan sanyi ne. Na biyu sitalin, wani tsuntsu mai ɗigo-ɗigo da aka sako a Niyok a 1890 yanzu ya cika nahiyar, in garkensu ya sauka dunƙule guda baya kai la'asar. Maganinsu keji mai rufi a sama wanda sai tsuntsu ya maƙale ta ƙasa yake ci, masu ƙwanƙwasa itace ko a jikinsu, sitalin kuwa yana shan wuya.

Bari in ɗan ratse. Akwai wani baƙin iri siriri kamar ƙwayar shinkafa da aka tsaga, a jikin leda an rubuta Nyjer, wani abokina Bazabarme ya ganshi yace kai ashe kayanmu har nan. Ba daga Nijar yake ba, asalinsa Habasha ne, can da Indiya ake nomansa ana matse mai. Golfinc ne ke cinsa, waɗanda a daidai wannan lokacin mazansu ke canza riga daga ruwan ƙasa zuwa rawaya shar. Yana da tsada, yana buƙatar mazubinsa daban mai ƙananan huda, kuma in ya kwana biyu ya bushe ko kallonsa basa yi. Ga mai farawa bana ba da shawararsa, golfinc ɗin zai ci sanfulawa lafiya lau.

Yanzu mazubi. Dogon nan mai kama da bututu yana kare iri daga jiƙewa, kuma manyan tsuntsaye basa jin daɗin tsayawa a ƙananan sandunansa, wanda hakan alheri ne ranar da girakul hamsin suka sauka. Illarsa kadinal ma yana wahala a kai sai in an ɗaura masa faranti a ƙasa, su janko da robin kuwa ba ruwansu da shi. Tire buɗaɗɗe kowa yana hawa, shi ya sa in kallo kake so ya fi daɗi, amma dusar ƙanƙara tana binne abincin cikin awa ɗaya, tsuntsaye suna taka shi suna kashi a ciki, kuma kurege yana zama a tsakiyarsa kamar an yi masa shimfiɗa. In zaka sayi tire ka nemi mai raga a ƙasa da ruwa ke tsiyayewa, in da rufi ma ya fi. Ni a wurina bututu shi ne na kullum, tire kuma na kwanakin ƙanƙara ne kawai, kwana uku ko huɗu in ƙasa ta buɗe in wanke in ajiye.

Maganar kurege kuwa, duk abinda aka faɗa mana a tatsuniya kaɗan ne. Na nan manya ne masu ruwan toka, kuma basa gajiya. Masu harkar suna da wani lissafi da suke yawan faɗa, 5 da 7 da 9, wato yana iya tsalle sama ƙafa 5, ya yi na gefe ƙafa 7, ya diro daga sama ƙafa 9, don haka sandar mazubi ta yi nesa da bishiya da katanga da rufin gareji. Sannan a sa mata wani kwano mai santsi a kife a tsakiya, wanda in ya hau ya zo nan sai ya tsaya. Wlh kwanon nan ya fi min duk wata dabara, kuma in kuɗinka bai kai ba gara ka sayi mazubi mai araha ka haɗa da shi da ka sayi mai tsada ka rataye a reshe. Akwai iri mai barkono, tunda tsuntsu baya jin yaji amma kurege yana ji, yana ɗan aiki sai dai tsada, kuma kar ka ce zaka barbaɗa garin barkono da kanka, iska ta taɓa maido min da shi ido. Akwai kuma wani farin iri mai ɗan ɗaci, safulawa (daban yake da sanfulawa), kadinal yana ci amma girakul da sitalin da yawancin kuregu basa so, in garken baƙaƙen nan ya dame ka sai ka juya zuwa shi na mako biyu har su watse.

Wanda gidansa ke wajen gari ko arewacin jihar lissafinsa daban ne gaba ɗaya. Beya, ƙatuwar dabbar dajin nan da Turawa ke ce ma bear, tana tashi daga barcin hunturu a ƙarshen Maris zuwa Afrilu da yunwa, kuma sanfulawa da kitse sune abinda hancinta ke kai ta. Hukumar kula da namun daji ta jihar shawararta ita ce a yankin da ake da beya a sauke mazubi daga 1 ga Afrilu har 15 ga Nuwamba. In ƙanƙara ta zubo ka ji ba zaka iya jurewa ba, ka fitar da abinci da safe ka shigo da shi kafin magariba ka share ƙasa. Haka barewa, ƙananan hukumomi da dama an hana ciyar da su saboda wata cuta da ke yaɗuwa in sun taru wuri ɗaya, abincin tsuntsu sai ya kasance inda bakinsu baya kaiwa, aƙalla ƙafa 6 daga ƙasa. A irin wannan wurin watsa gauraye a ƙasa ba asarar kuɗi kaɗai bane, yana iya jawo maka tara.

Abu biyu da ba sayensu ake ba amma suna iya ɓata duk niyyar. Ɗaya taga. Tsuntsu in ya firgita yana ganin hoton bishiya a gilashi ya faɗa da gudu, don haka ko dai mazubi ya kasance dab da taga, ƙasa da ƙafa 3, inda bai isa ya ɗauki gudu ba, ko kuma can nesa sama da ƙafa 30. Ɗayan tsafta. Lokacin narkewar ƙanƙara shi ne lokacin da cuta ke yawo a mazubi, a 2021 an yi fama da salmonela a tsakanin ƙananan tsuntsaye a Amurka har mutane suka kamu. Duk mako biyu a wanke mazubi da bilic (ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta) kashi 1 ruwa kashi 9, a ɗauraye a bari ya bushe sarai kafin a zuba, ba a sinkin kicin ba, yara kuma su wanke hannu. In ka ga tsuntsu ya kumbura yana gyangyaɗi baya gudun mutum, ko idonsa ya kumbura ya yi kwantsa, sauke komai na mako biyu su watse. Anan ma tire ya fi bututu haɗari, gauraye kuma ya fi sanfulawa, saboda shi ne ke zama a ƙasa yana ruɓewa.

Ƙanina dai a ƙarshe ya fito da matsakaicin buhun baƙin sanfulawa, bututu ɗaya da sanda da kwanonta, dunƙulen kitse biyu da ƙaramin ledan farin gero, zabibi kuma dama akwai a gida. Nace ya sauke manhajar Merlin ta jami'ar Kwanel a waya, kyauta ce, yara su riƙa ɗaukar kukan tsuntsu tana faɗa musu sunansa, ya kuma ajiye ruwa a kwano mara zurfi yana canzawa in ya daskare don robin ruwa yana jawo shi fiye da abinci. Kwana biyu ba wanda ya zo, har ya kira yana cewa na sa shi asara, nace ya yi haƙuri sai cikadi ya fara ganowa sauran zasu biyo. Jiya da safe matarsa ta turo hoto, cikadi biyu a bututu, janko sun kai goma a ƙasa, robin ɗaya a bakin faranti da zabibi a baki, kurege kuma yana rungume da sanda daidai ƙarƙashin kwanon yana kallon sama.